Sawun da Ya Shiga Bai Fito Ba

An farke babbar gangarmu da wuƙa ranar Asabar ɗin bikin furen ceri, kuma kafin ƙarfe tara na safe mutanen unguwarmu ta Japanawan Amurka sun gama yanke hukunci cewa mai shara ne.

Sunana Russ Kageyama. Lambu nake gyara wa masu kuɗi. A aji takwas na bar makaranta na bi ubana gonar inabi, can ya koya mini bin sawun aladun daji da ke yi mana ɓarna. Yanzu idan wani ɗan birni ya ɓace a kan dutse da takalmin dala ɗari uku a ƙafarsa, ni ake kira. Bayan wannan ban iya komai ba, ban kuma taɓa cewa na iya ba.

Misis Uyeda ce ta kira ni, tsohuwar da ke shugabantar matan da ke dakan moci, tuwon shinkafarmu mai danƙo.

"Russ, bar abin da kake yi ka zo zaure. Za su ci amanar Evaristo mai shara."

"Su wa?"

"Wa ka sani? Likita da 'yan amshin shatansa."

Na ajiye mota nesa na ratsa titin da ƙafa. An rufe shi da igiya, rumfuna hagu da dama, hayaƙin gasasshiyar kaza ya cika ko'ina. Itatuwan ceri sun zubar da furensu tun mako biyu da suka wuce, don haka kwamiti ya ɗaura musu na roba da waya. Baƙi na tsaye a ƙarƙashi suna ɗaukar hoto. Wata mata har da shinshinawa. Na bar ta da abinta.

*

Likita Warren Hatanaka, mai cire haƙori, shi ne shugaban kwamitin biki shekara tara. Na same shi a ƙofar ɗakin ganguna ya ɗaura wani jan ƙyalle daga ƙusa zuwa ƙusa, irin yadda ya gani a talabijin. Wannan kaɗai ne abin kirkin da ya yi a ranar, don ya hana mutane tattake wurin.

A gefe Evaristo Quiroz na zaune kan bokitin da ya kife, hularsa a hannu. Shekara goma sha ɗaya yana share mana zauren nan. Kowa ya san ba shi da takardun zama, kowa kuma ya yi shiru saboda yana da arha. Idan 'yan sanda suka rubuta sunansa, shi da matarsa da 'ya'yansa mata biyu ba za su ga bazara a garin nan ba.

"Ba mu kira ka ba, Russ," in ji Likita.

"Ban zo don kai ba. Haƙorana lafiya lau."

"Magana a fili take. Yana da mabuɗi. Ga wuƙa mun samu a kurar shararsa. Shi ya fara gani, wai. Kuma su biyu ne, dubi sawun da kanka. Layi biyu, duk sun nufi ganga. Ya shigo da wani ɗan uwansa, suka fice ta ƙofar baya."

"Ka kira 'yan sanda?"

"Suna bakin titi suna cin kaza. Ba na so a yi abin kunya gaban magajin gari. Da ya gama jawabi ƙarfe biyu ya tafi, zan miƙa shi."

"To ka ba ni zuwa biyu."

"Ka ɗauka. Kai da shi duk ɗaya ne, ƙasa kuke kallo."

Na kwanta rub da ciki a bakin ƙofa na shimfiɗa tocila a kan katako. Jiya mata sun wuni suna mulmula moci a zauren, suna barbaɗa garin sitaci don kada ya manne, ga fanka tana kaɗawa. Garin ya shiga ɗakin ganguna ya kwanta kan baƙin katako, siriri kamar hodar fuska. Mai bin sawu ba ya roƙon Allah fiye da haka.

Gangar tana kan gadonta taku shida daga ƙofa, faɗinta ya fi hannuwana biyu a buɗe. An tsaga fatar daga sama zuwa ƙasa, yanka ɗaya, amma ba miƙaƙƙe ba. Ya yi ta lanƙwasa kamar hanyar tururuwa.

Sawun na safa ne, ƙaramar ƙafa. A bakin dandamali ga alamar inda aka ajiye takalma, an jera su, an juya hancinsu waje. A gaban ganga ƙafa biyu sun haɗu dunduniya da dunduniya, nauyi ya koma kan yatsu. Mutum ya tsaya ya sunkuya ke nan. A ƙofar baya kuwa ko ƙuda bai taka garin ba.

Sai layi na biyu, wanda Likita ya kira ɗan uwa. Takun gajeru ne, yatsu suka fara sauka kafin dunduniya, garin ya turu ta baya. Babu wani ɗan uwa. Mutum ɗaya ne, ya shiga da gaba ya fito da baya, taku bayan taku har ƙofa. Wannan ban faɗa wa Likita ba. Ba a zuba ruwa a kwando.

"Ɓarawonka ya cire takalmi," na ce. "Har ya juya su."

"Shekara goma sha ɗaya yana cikinmu, ya koya. Ko aku ma yana koyo."

Evaristo ya ji. Bai ɗago ba.

*

Na tsuguna gabansa.

"Ƙarfe nawa ka zo?"

"Bakwai, yallaɓai Russ. Na buɗe, na gani daga nan, ban shiga ba. Na kira Likita."

"Me ya sa ba ka shiga ba?"

"Idan na shiga sai a ce ni ne." Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ban shiga ba, an ce ni ne."

"Wuƙar fa?"

"Ta yanka kwali ce. Ka duba bakinta, ko tumatir ba ta yankawa. Tun bara nake roƙon sabuwa."

Na duba. Fatar saniya mai kaurin nan, da wannan wuƙa sai ka kai Kirsimeti kana gurzawa.

"Wa kuma ke da mabuɗi?"

"Kowa. Akwai ɗaya a ƙarƙashin fitilar dutsen nan ta lambu. Har mai kawo wasiƙa ya sani."

"Me ya hana ka gudu? Ƙofa a buɗe take."

"Zuwa ina? Ƙaramar tana cikin masu rawa ƙarfe ɗaya. Misis Uyeda ce ta ɗinka mata rigar."

*

Idan mutanenmu ba su zargi mai shara ba, Bature suke zargi. Tuni wasu suka fara raɗa sunan Travis Lindqvist, wani dogo da ya yi shekara biyu a Japan ya dawo yana sunkuya wa na'urar cire kuɗi. Shekara shida yana koyon kiɗa wurin Fujimura-sensei, wato malamin gangarmu, kuma a watan jiya an ji su suna sa-in-sa, don tsohon ya ce ko bayan ransa Travis ba zai taɓa babbar ganga ba.

Na same shi a rumfar taliya, ya ɗaura ƙyalle a goshi yana soya wa layin mutum arba'in.

"Kageyama-san!" Ya sunkuya har ya kusa tsoma hanci a mai.

"Russ nake. A asibitin garin nan aka haife ni, kamar kai. Ina kake da asuba?"

"Nan, tun biyar, ina yanka kabeji. Tambayi waɗannan."

Mata uku suka gyaɗa kai ba tare da sun daina aiki ba.

"An ce kun yi faɗa da Sensei."

"Ba faɗa ba ne, horo ne. Yana gwada zuciyata."

"Ya kira ka jaki gaban yara."

"Ai a Japan..."

"Ɗaga ƙafarka."

Ya ɗaga. Kwalekwale guda. Sawun da ke ɗakin zai shige ciki sau ɗaya da rabi. Na sayi taliya na biya, ta yi gishiri, na zubar.

*

Noreen Fujimura, 'yar ƙanen Sensei, tana bayan dandali tana ɗaure ƙananan ganguna. Shekarunta arba'in da ɗaya, tun tana da tara take kiɗa. Duk wanda ke da kunne ya san ta fi kawunta tun tuni. Ƙafarta ƙarama ce, kuma na lura da haka.

"Idan babu babbar ganga, me za ku yi ƙarfe uku?"

"Mu yi na ƙananan. Sai dai a cire kiɗan Kawu na ƙarshe."

"Wanda yake yi shi kaɗai."

"Shekara talatin da huɗu ke nan. Shi ya haɗa gangar da hannunsa, da duron giya da fatar da ya jeme a bayan gidansa. Mutane don wannan kiɗan suke zuwa."

"Ke ba kya so ki yi shi?"

Ta ja igiya har ta yi ƙara. "Kana tambaya ko na farke ta don haushi? Russ, da zan farke wani abu da Kawu zan fara."

"Ya kiɗan nasa yake bana?"

Ta ci gaba da ɗaurin igiyarta.

"Noreen."

"Ban ji ba. Tun Janairu bai taɓa ta a gabanmu ba. Wai yana tara ƙarfi. Da na ce ya bar ni in riƙe masa rabin farko, sai ya ce mace ta je ta daka moci." Ta tofar da zaren da ke bakinta. "Ka ga dai irin gidan da na fito."

*

Tadashi Fujimura na zaune a rumfar shayi cikin rigar bikinsa mai shuɗi, mutane na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna yi masa jaje kamar ɗansa ne ya mutu. Shekarunsa saba'in da shida, gajere, wuya kamar na bijimi. Yana karɓar jajen da gyaɗa kai, irin na sarkin da aka ci wa gari.

"Sannu, Sensei."

"Ɗan Kageyama. Har yanzu ciyawa kake yanka?"

"Har yanzu. Kana ganin Evaristo ne?"

"Ba ni da abin faɗa. Kwamiti ya san aikinsa."

"Za a kore shi daga ƙasar. Da yaran."

"Ganga tana da rai," ya ce, yana kallon wani wuri can. "Ku na yanzu ba za ku gane ba."

"Shi ma yana da shi."

Yarinyar rumfar ta kawo masa shayi. Mutumin da ya tsawata wa rabin unguwar nan a kan karɓar kofi da hannu ɗaya, sai ga shi ya karɓa da hagu kaɗai. Na dama yana cikin hannun riga, ya danne shi a cinya. Rigar tana motsi a wurin, kaɗan-kaɗan, kamar an ɓoye tsuntsu a ciki.

Na tuna yankan nan mai lanƙwasa. Amma hannu mai karkarwa ba laifi ba ne, rabin tsofaffinmu haka suke. Idan na nuna shi da yatsa a kan wannan, ni za a jefa waje, a miƙa Evaristo da ƙarin gudu. Sai ƙafarsa ta faɗa da kanta.

*

Biyu saura kwata na sa Misis Uyeda ta tattaro su a zaure. Ita ba a ce mata a'a, ta yi wa yawancinsu wanka suna jarirai. Likita ya zo yana duba agogo, da mutum uku na kwamiti. Travis, Noreen, Sensei, Evaristo. A waje ana jin magajin gari yana kashe sunayen Japanawa ɗaya bayan ɗaya ta lasifika.

Na shimfiɗa doguwar takardar tebur a gefen sawun, daga ƙofa zuwa ganga, na barbaɗa mata sitaci.

"Kowa zai shiga shi kaɗai, ya duba yankan da kyau, ya dawo ya faɗa mini irin wuƙar da yake zato."

"Wasan yara," in ji Likita.

"To fara, tunda kai ne babba."

Ya shiga, ya leƙa, ya juya ya fito yana kakkaɓe safa. "Wuƙar kwali." Na sake barbaɗawa. Travis ya sunkuya sau uku, ya yi wa gangar magana da Japananci, ya juya ya fito yana share hawaye. Noreen ta sunkuya sau ɗaya, ta shafa fatar, ta juya ta fito. Evaristo ya cire takalmansa ya bar su yadda suka faɗi, ɗaya a kife, ya duba, ya juya ya fito.

"Sensei."

"Na ganta."

"Kowa ya shiga. Ko kana tsoron ganinta ne?"

Wannan ta same shi. Ya miƙe, ya zare takalmansa, ya jera su, ya juya hancinsu waje. Taku shida. Ya haɗa dunduniya ya sunkuya. Ya tsaya jim, sannan ya fara ja da baya, fuskarsa na kan ganga, gajeren taku bayan gajeren taku, har dunduniyarsa ta taɓa bakin ƙofa.

Na kwantar da tocila a ƙasa na kunna. Layi biyu a kan takarda, layi biyu a kan katako, kamar an buga su da hatimi ɗaya. Ko mai cire haƙori ya iya karanta wannan.

"Ga ɗan uwan Evaristo nan, Likita."

Noreen ce ta fara magana, muryarta ƙasa-ƙasa. "Malaminsa na Japan ne ya dasa masa wannan da sanda. Ba a juya wa ganga baya. Mu bai tilasta mana ba, ya ce 'yan Amurka ba su cancanta ba." Ta juyo gare shi. "Kawu, fito da hannunka."

Bai fito da shi ba. Ta kama hannun rigar ta ja. Hannun yana ta karkarwa kamar ganye.

"Sandar na suɓuce mini," ya ce. "Sau uku a minti ɗaya. Mutum dubu uku za su gani."

"Da ka ba ni!"

"Ke?"

Kalma ɗaya ke nan, amma da mari ya yi mata da ya fi sauƙi.

"Ganga taka ce, ka ƙone ta ma in kana so," na ce. "Amma tun bakwai na safe mutumin nan ke zaune kan bokiti, kai kana shan shayi ana yi maka jaje. Ka cire wa katako takalmi, ka sunkuya wa fatar saniya, ka bar uban yara biyu a bakin rami. Wannan ce tarbiyyar da kake koya wa yaranmu?"

Likita ya yi gyaran murya. Na san abin da ke tafe tun kafin ya buɗe baki.

"To, an gode Allah, maganar cikin gida ce. Za mu ce zafi ne ya fasa fatar. Evaristo, ka tashi ka goge wurin nan, an yafe."

"An yafe wa wa?" in ji Misis Uyeda.

"Obasan, gwaggonmu, sunan unguwa..."

"Rufe mini baki, Warren. Tun safe mutanenka ke bin rumfuna suna cewa mai shara ya farke ganga. An faɗa gaban 'yarsa tana sanye da rigar da na ɗinka. A titi aka ɓata shi, a titi za a wanke shi. In ba haka ba ni zan hau dandalin in faɗa, kuma zan haɗa da wanda ya so ya miƙa shi."

Likita ya dubi agogonsa. Bai sami komai a ciki ba.

*

Ƙarfe uku titin ya cika har bakin igiya. Noreen ta jagoranci ƙananan ganguna, ta kuma yi kiɗan ƙarshe a kan wata matsakaiciya da aka ɗora kan gadon babbar. Ban san kiɗa ba, amma furannin robar nan sai da suka girgiza.

Da ta gama ba ta sauka ba. Ta ɗauki makirufo ta faɗi abin da ya faru cikin jimla uku, ba ƙari ba ragi. Sannan ta kira Evaristo Quiroz da cikakken sunansa, wanda na tabbata rabin kwamiti ranar suka fara jinsa.

Sensei ya fito gaban dandali. Ya durƙusa a kan kwalta, ya dafa hannu biyu, ya kai goshinsa ƙasa a gaban takalman aikin mai shara. Baƙi suka ɗauka cikin wasan ne, wasu suka tafa, wayoyi suka tashi sama. Mutanenmu kuwa ko tari babu.

Evaristo ya dube shi na ɗan lokaci. Ya ciro mabuɗin zaure daga ɗamararsa ya ajiye a ƙasa kusa da kan tsohon, ya kama hannun 'yarsa suka ratsa taron suka tafi. Ranar Litinin ya fara aiki tare da ni. Yana yanka shinge fiye da ni, kuma na saya masa wuƙa mai ci. Zauren kuwa yanzu 'yan kwamiti ke sharewa bi da bi, ka je ka ga yadda likita ke riƙe tsintsiya.

Fujimura bai ƙara taɓa sanda ba, ba a kuma ƙara kiransa Sensei ba sai dai baƙin da ba su sani ba. Ya kashe gangar da ya haɗa da hannunsa don kada mutum dubu uku su ga hannun yana karkarwa na minti ɗaya. Sun ga hannun a kan kwalta, tsirara ba hannun riga, yana bugun ƙasa shi kaɗai, har sai da Noreen ta gama kwance gangunanta ta zo ta ɗaga shi.